Kada Ki Saki Hannuna a Upper Iweka

Zuwa ga Tabawa, inuwata a tsakar rana, ruwan randa mai sanyi, farin watan da ya leƙo mini tun ina da baƙin gemu bai kuma faɗi ba. Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar hidimar jego? Yaya 'yarmu Ramlatu da ɗan baƙon da ta kawo mana? Yaya Inugu?

Dubi rubutun nan da kyau. Karkatacce ne, amma nawa ne, ba wanda na yi wa shifta. Likita ya cire yanar da ta rufe mini ido, Tabawa, ina gani! Da aka kwance bandeji, ɗanmu Abdulfatah ya kai ni bakin gada, na ga kogin Neja a shimfiɗe yana sheƙi kamar sabuwar shadda. Na ga shanun da na daɗe ina dillancinsu da laluben tozo. Na duba madubi na tarar da wani tsoho, muka gaisa. Fuskarki kaɗai ta rage mini, kuma duk abin da na gani kafin ita ɗanɗano ne.

Maƙwabcinmu malamin boko ya ce wai Bature da kalma guda yake tsallaka titi, da ita yake ƙetare kogi, da ita yake ratsa daji. Na ce masa wannan talaucin baki ne. Ni da na yi su duka na san ba ɗaya ba ne. Na ratsa daji da sanda, ƙaya ta sha jinina. Na ƙetare Neja a saman motar shanu. Amma tsallaka Upper Iweka, babban titin nan namu na Anacha, da hannunki a nawa, wace kalma ce za ta ɗauke shi?

Kin tuna ranar farko? Ido ya dushe, tireloli na huci, 'yan okada na shawagi da baburansu kamar an taɓa amya, ni kuwa na ƙame a bakin kwalta kamar turke. Ke da tun aurenmu ba ki taɓa jerawa da ni a hanya ba, kullum kina baya saboda kunya, sai na ji yatsunki sun zagaye wuyan hannuna, masu taushi kamar sabon ganye, masu ƙarfi kamar igiyar guga. Matar nan mai gasa masara ta tafa mana. Wallahi na so a ce titin ya kai faɗin kogi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da za ki tafi kin ce idan idona ya buɗe kin huta da jan tsoho a gaban jama'a. Cikin raha kika faɗa, amma na san ki, za ki aikata. Ashe lafiya za ta ƙwace mini abin da ciwo ya ba ni? Ya ke sanyin safiyata, wane ciniki ne wannan, a ba ni Anacha duka a karɓe yatsu biyar?

Na samo mana dabara. Likita ya ba ni baƙin tabarau saboda rana. Ba zan ce wa kowa ba na gani ba, furfura ba ta ƙarya. Amma duk wanda ya ga tabarau ya yi zatonsa, shi ya jiyo. Kunyarki ta samu mafaka ke nan.

Ranar dawowarki za ki same ni a tsallaken titin, inda motocin Inugu ke sauke mutane. Zan kalle ki sai na ƙoshi, sannan in miƙo hannu. In kin ƙi kamawa, ki ce wa Abdulfatah ya riƙa kawo mini tuwona can, don ba inda za ni.

Naki da ido biyu, kamar yadda na kasance naki a cikin duhu, har ranar da za a tsallaka da ni,

Bubayero