Saurayin Wurin Caji

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Amira. Ya jikin Inna? Mu nan unguwar Ka'akiyya sai godiya.

Gara ki ji daga bakina kafin Umma ta kira ki. Da za mu Madina a motar lantarkin Baba, mun tsaya caji a hanya. Baba da Umma suka shiga masallaci, aka bar ni a mota da littafina. Sai ga wani saurayi yana ta kallon wajena. Yaya, har na zaɓa wa 'ya'yanmu suna! Ya matso ya ce da Larabci yana da magana. Na sunkuyar da kai na ce, "Sai dai ka nemi Babana."

Ya kuwa neme shi. Ashe batirinmu ya cika tuni, mun tare masa wurin caji, ga matarsa da jariri suna jira cikin rana. Har muka isa Madina Baba na tambayata ko a sa rana. Yanzu ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Ki taya ni addu'a Allah ya mantar da su. Ki gaida kowa, amma don Allah kar Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Rumaisa