Zuwa ga Buba, Wanda Muka Sha Nono Ɗaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da shanu, in akwai sauran shanun.

Ban san inda kake ba, Buba. Wasu sun ce an gan ka wajen Sabuwa, wasu sun ce kun yi gabas tun tuni. Lambarka ta daina shiga shekara huɗu ke nan. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, ko Allah zai sa wani ya karanta maka, tunda kai da boko sai hange daga nesa.

Ka san asalinmu, amma bari in faɗa saboda masu leƙen takardar. Watanka biyu a duniya mahaifiyarka ta rasu a rugarku ta bayan Ruwan Godiya. Kakarka ta goyo ka zuwa gidanmu, Innata ta karɓe ka, ta shayar da mu tare. Takan ce kai ka fi ni haɗama, ni na fi ka kuka. Ka girma kana kirana Kaɗo, ni ina kiranka ɗan daji, kuma kwano ɗaya muke sa hannu.

Ka sha yi mani dariya cewa karatuna ba ya da ranar ƙarewa. To ga inda ya kai ni: ina Ikko, ina tankaɗe yashin teku. Wallahi da rariya, kamar mai shirin tuwo. A cikin yashin akwai wasu halittu da ido bai cika ganinsu ba sai da madubin ƙara girma. Duk jikinsu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma kowace tana gina wa kanta ƙwanso. Wata da alli take yin nata, wata ta tattara ɓarɓashin yashi ta liƙa. Masana suna kiransu foraminifera. Kar ka wahalar da bakinka.

Shekaru da yawa da ƙwanson nan ake raba su dangi-dangi, yadda kake duban ƙaho da launi ka ce wannan saniya daga garken wane take. Sai aka samu na'urar da ke karanta ƙwayoyin gado, wato abin da kowace halitta ke gada daga iyayenta. Nan lissafi ya rikice. Biyu masu kama kamar an tsaga kara, sai a tarar jinsinsu daban. Wata kuma tsirara take, ba ta da ƙwanso ko kaɗan, tana zaune a ruwan daɗi ko cikin ƙasa mai danshi, sai ga shi 'yar dangi ce ga na teku. Aikina ke nan kullum, in zana bishiyar zuriyarsu, in nuna wa ya haɗa kaka da wa.

Ina tsayawa gaban ɗalibai in ce masu kada su yarda da kama. Duk ranar da na faɗi haka sai bakina ya yi ɗaci, don na san abin da na yi.

Ka tuna ranar kasuwa a Faskari, lokacin da gari ya ɗauki zafi bayan an kwashe mutane a gonaki. Masu tsaron gari suka tare hanya, duk mai dogon hanci da sanda a kafaɗa sai a ware shi gefe. Aka ware ka. Aka ce ko akwai wanda ya san ka. Ka ɗago kai ka dube ni, har da ɗan murmushi, don ka ɗauka magana ta ƙare.

Na ce ina dai ganinka a gari.

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Tsoro ne, Buba, ba wani abu ba, tsoron kada a ce ni ke kai maku labari. Wani dattijo mai sayar da gishiri, wanda bai haɗa komai da kai ba, shi ya tsaya maka har aka sake ka da kumburarren ido. Kafin sati ya zagayo rugarku ta zama kufai.

Na taɓa tunani: da za a sa jininka da nawa a na'urar nan, me za ta ce? Za ta ce ba mu haɗa komai ba. Nono ba ya fitowa a cikinta, ba ya fitowa a fuska. Zumuntarmu ba ta da shaida sai baki, kuma nawa ya ƙi buɗuwa.

Ban taɓa gaya wa Inna ba, amma ta sani. Ba ta yi mani faɗa ba, da ma ta yi. In na kira ta a waya, sai ta tambayi aiki, ta tambayi ruwan teku, sannan ta ce ko an ji ɗuriyar ɗan'uwana.

Buba, Inna ta rasu ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar. Tun tana jinya aka kira ni, na iso aka yi jana'iza da ni. A maƙabarta liman ya ce 'ya'yanta maza su shiga su karɓe ta, ya tambaya mu nawa ne. Mutanen da suka tsaya a kasuwa ran nan, da yawansu suna wurin.

Na ce, "Mu biyu ne. Ɗayan Buba ne, ɗan Fulani, kuma ni na kore shi."

Kawu Sale ya naɗe hannun riga ya shiga a madadinka. Gefen kanta ya riƙe, inda ya kamata ka riƙe.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya tsare ka duk inda kake, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In kana raye, ka yi mata addu'a, uwarka ce. In ka ga dama ka yafe mani. In kuma ka riga ta tafiya, to kun haɗu, ka gaya mata da bakinka abin da na kasa gaya mata.

Ɗan'uwanka,
Lawal