Zaman Makokinki da Suka Ara

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Balki, autarki. Na san ba kya son ina saka zancen gida a waya, ki yafe min wannan.

Inna, ƙaninki Kawu Sale ya zo. E, shi dai, wanda muka yi ta kira kina kwance bai ɗauka ba.

Kin san aikinsa, shiga tsakanin manya. Ashe mai gidansa na gwamnatin nan da wani babba na gwamnatin maƙwabta sun daɗe suna son zama, amma kowa ya ce ba zai fara taka ƙafa wurin ɗan uwansa ba. Sai kika rasu. Kawu ya ce ta'aziyya ba ta son gayyata, kowa ya zo don Allah ya zo, ba wanda ya sauke girmansa.

Sai aka ɗaga addu'ar bakwai ɗinki, wai ranar ba ta yi wa baƙo ba.

Hanyar Nasarawa Burkullu da ta jijjiga ki a bayan babur har kika daina amsa min, an zuba mata ƙasa. An shafe zaurenmu da fenti, Kawu ya kawo dardumarsa aka shimfiɗa wa manyan. Akuyarki ma an kore ta, wai tana wari. Mu kuma aka tura mu gidan maƙwabciyarmu Inna Tumba, ni da Baba, muna leƙe ta katanga kamar ɓarayi.

Fatiha ɗaya suka yi miki, ita ma a gurguje. Baƙon ya ce Allah ya jiƙan "mahaifin" Alhaji Sale. Wallahi ba wanda ya gyara masa! Suka shige ɗakinki suka rufe, muna jin dariyarsu.

Kin sha cewa, "Balki, Sale ba mugu ba ne, mantuwa gare shi." Bai manta da dardumarsa ba, Inna. Kafin la'asar an naɗe ta.

Jiya ya kira ni, karon farko. Wai zancen bai ƙare ba, za su dawo ranar arba'in ɗinki, mu share gida. Na ce, Kawu, ka nemo wata gawar, wannan tawa ce.

Ni zan soya miki waina, ni zan kira malamin unguwa, sunanki za a faɗa: Hajara.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa inda kike ba mai ce miki ki matsa.

Taki har kullum,
Balki