Hannu Biyu a Ƙarƙashin Farin Hankici

Toronto, 3 ga Maris

Kawu Abdulghani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Saudatu da duk mutanen unguwar Bani Malik. Yaya kasuwar agashe, yaya ƙafar?

Kawu, ofishin biza ya dakatar da takardun Mastura. Sun ce a hotunan aurenmu da na tura babu amarya ko a ɗaya. Gaskiyarsu ce. Na ɗaurin aure duk maza ne, a walimar mata kuwa ka san a bakin ƙofa aka karɓe wayoyi. Wanda ya fi kyau shi ne namu ni da kai, hannuna cikin naka, malam ya rufa mana farin hankici, kana ta murmushi.

Sai wata magana da gara ka ji daga bakina. Na rataya hoton a falo. Maƙwabcina Martin ya gani, na ce masa ranar aurena ce. Washegari sai ga shi da kek, shi da Pol, sun zo taya ni murna. A nan doka ta yarda namiji ya auri namiji, su ma auren ne tsakaninsu. Martin ya ce mijina yana da kwarjini, ko da yake ya ɗan manyanta.

Don Allah kada ranka ya ɓaci.

Ɗanka,
Nasir

Jidda, 5 ga Maris

Nasir,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke kafin wasiƙarka ta zo.

Shekarata sittin da huɗu, 'ya'yana bakwai, shekara talatin ina gashin nama a titi ɗaya ba wanda ya taɓa raina ni, yau ɗan ƙanwata ya maishe ni amarya a Kanada. Har da kek! Ka ci kuwa?

Halas, magana ta ƙare, Mastura ba ta zuwa. Fasfonta yana aljihun teburin shago, makullin yana wuyana. Ƙasar da za a ga waliyyi yana ba da 'yarsa a ɗauka shi ake aura, me za a koya wa jikokina a can? Gobe kuma sai a kama limaminku a ce dole ya ɗaura irin wannan. In matarka kake so, ka dawo ka nemi kafili, ubangidan da zai tsaya maka, kamar kowa.

Maganar manyanta kuwa, ban san wa ya tambaye shi ba.

Wassalam,
Kawunka

Jidda, 9 ga Maris

Yaya Nasir,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Kai ma dai da neman magana! Inna ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Yanzu in ta ajiye wa Baba shayi sai ta ce a sha da haƙuri, amarya. Jiya na kama shi a gaban madubi yana duban gemunsa ta gefe.

Amma kada dariyar ta ruɗe ka, tsoro yake ji na gaske. Ya zaunar da ni ya ce kakansa da ƙafa ya baro Kano, ya yi shekara tara a Sudan kafin ya ga Ka'aba, shi ba zai zama wanda ya kai zuriyar inda addini zai zube ba. Idonsa ya yi ja, ni ma na yi kuka. Wata takwas ke nan da aurenmu, kwana sha ɗaya kacal muka yi tare. Ina son mijina, kuma ba na son in fita gidan nan Baba yana fushi.

Ga albishir. Gwaggo Jawahir ta amsa laifinta: a cikin safa ta shigar da waya walimar. Ta ɗauke mu lokacin da aka shigo da kai wurin mata, kana tuntuɓe da rigata. Na tura maka.

Yalla, maza ka rubuta masa, ban da wasa a ciki.

Matarka,
Mastura

Toronto, 14 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum, Allah ya ƙara girma. Ban ci kek ɗin ba sai da na tambayi abin da aka sa a ciki.

Na je wurin limaminmu da tambayarka. Ya ce shekara ashirin yana ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki, ba wanda ya taɓa tilasta masa wani abu dabam, dokar ma ta bar wa malaman addini nasu. Ranar Juma'a sahu har bakin titi yake kaiwa, yara kuma suna hadda Asabar da Lahadi.

Martin ya zo ba da haƙuri, kunya kamar ya nutse. Na faɗa masa gaskiya cewa addinina bai yarda da irin aurensu ba. Ya ce ya sani, shi ma bai zo neman fatawa ba, maƙwabtaka ya zo yi. Ya zauna na yi masa bayanin waliyyi dalla-dalla, shi ya tsara mini takardar bayani da Turancin da ofis ke so. Mun haɗa da hoton Gwaggo mun tura.

Kawu, da ka riƙe hannuna ranar nan amana ka ba ni, ban manta ba. In ka ce in dawo zan dawo, amma ina roƙonka ka bar ta ta zo.

Ɗanka,
Nasir

Jidda, 2 ga Mayu

Nasir,

Wa alaikumus salam. Biza ta fito, ka riga ka sani. Makullin ma na cire daga wuyana, dama ƙaiƙayi yake sa ni.

Ra'ayina kan dokarsu yana nan inda yake. Amma maƙwabci yana da haƙƙi, don haka akwai ƙullin yajin agashe a jakar Mastura, ka ba mutumin. Ka gaya masa hasken hoton ne ba shi da kyau.

Na so in ce ka sauke hoton nan, sai na fasa. Bar shi a falon, ka rataya na Jawahir a gefensa don masu kawo kek. Mastura autata ce, Nasir, ba ta taɓa kwana nesa da mu ba. Duk ranar da ta ɓata maka rai, ka ɗaga kai ka dubi hannun wanda ka riƙe.

Allah ya yi muku albarka.

Surukinka,
Abdulghani