Ni da Kazar Inna

Litinin, 6 ga Mayu, 1968
Yau Illo ya ɗauko ni daga asibiti, a jirgin ruwan da Baba ya bar mini. Ni Yusha'u, kwance a jirgina kamar buhun gero, ƙanena yana tuƙi! Kwana goma sha biyu ke nan da na faɗo daga kan rumbu muna kwance jinka. Idon sawu ya karye, ya kuma goce. Likita ya yanka, ya sa ƙarfe da kusoshi, ya ɗaura filasta. Ya ce wata biyu kada in taka, kada ruwa ya taɓa. An ce kowa ya bar tsibirin nan kafin a rufe madatsar Kainji a Agusta. Ni zan ƙetarar da gidanmu, da gorar tuƙin Baba. Ba Illo ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Inna ba ta yarda da aikin asibiti shi kaɗai ba. Ta kira mai ɗori. Ya ƙwanƙwasa filasta, ya ce tunda an riga shi ba zai buɗe ba, amma zai yi na kaza. Ya karya ƙafar baƙar kazar Inna, ya ɗora ta da kara. Ya ce, "Ranar da tat taka, kai ma ka taka." Na yi dariya, ni da na yi ajin yaƙi da jahilci.

Laraba, 15 ga Mayu
Sawu uku Illo ya yi yau da kayan mutane zuwa sabon gari. Ina jin mata a mashaya, bakin kogi, suna ta Illo kaza, Illo kaza. Wa ya koya masa riƙe gora? Har da matata Zuliha, wai, "Maigida, ƙanenka fa ya iya." Ban ci tuwonta ba.

Lahadi, 26 ga Mayu
Kaza ta taka. Ta wuce ta gabana tana tona, ko kallona ba ta yi. Inna ta yi guɗa. Wallahi haushin kazar nan nake ji.

Talata, 28 ga Mayu
Na taka. Da sassafe na ajiye sanduna, na gangara mashaya. Illo yana loda turame, ya ce, "Yaya, don Allah koma, ruwa za ya shiga." Na ce ba ni gorata. Na shiga ruwa har gwiwa, na tura jirgi, na tuƙa shi zuwa tsakiyar kogi na dawo. Kowa ya gani. Zafin kam ba a magana, amma kowa ya gani.

Jumma'a, 7 ga Yuni
Filasta ya yi laushi, yana wari. Zazzaɓi kwana uku. Ban gaya wa kowa ba sai da Zuliha ta ga ƙudaje.

Laraba, 17 ga Yuli
An sallamo ni karo na biyu. Ɗinki ya ruɓe, mugunya ta kai ga ƙarfe, dole aka cire shi. Likita ya ce ƙafar ta tsira, amma idon sawu ba zai ƙara lanƙwasawa ba. Na tambaye shi batun tsayuwa a bayan jirgi in yi tuƙi. Ya ci gaba da rubutunsa.
Illo ya zo sau huɗu da kifi. Duk zuwan barci nake yi. Wai.
Na ce a yanka kazar nan. Inna ta ce, "Mi tay yi maka? Ita ba ta shiga ruwa ba."

Asabar, 27 ga Yuli
Mun ƙetare. Aka zaunar da ni a tsakiya, tsakanin Inna da tukwane, kaza a cikin kwando kusa da ƙafata. Da muka kusa duwatsun da ruwa yake juyawa na buɗe baki zan ce wa Illo ya bi hagu, sai na ga ya riga ya bi. Yadda ya kafa gora ya kwanta a kanta, Baba sak. Inna ta ja gyale ta rufe fuska. Ni ina kallon tsibiri ne, shi ya sa idona ya yi ruwa.
Da muka sauka ya kawo mini gorar har ƙofa, ya ce, "Yaya, ga ajiyarka." Na ce ya tafi da ita, ɗakunan nan na gwamnati ba su da wurin dogon abu.
Da la'asar na watsa wa kaza tsaba. Yau na lura ashe ita ma ɗingishi take yi.