Dajin da Ya Ci Yaya Asabe

Zuwa ga Yaya Asabe,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma akwai maganar da ba ki tsaya kin ji ƙarshenta ba.

Kin tuna lokacin da jinin ya ƙi tsaya miki, aka gaji da jiƙe-jiƙe da rubutu, har mijinki Malam ya yarda muka kai ki bariki wurin likitan Jamusawa? Ni na riƙe miki hannu. Ya sa wani ƙarfe ya buɗe, ya haska da madubi, ya yanko ɗan nama daga bakin mahaifa, bai fi ƙwayar dawa ba. Kika juya fuska bango har ya gama, muka koma gida. Daga nan ba ki ƙara tashi ba.

Bayan an share makoki likitan ya aiko a kira ni. Ya sa na leƙa cikin wani bututu mai gilashi, ɗan naman nan na ƙarƙashinsa. Abin da na gani kamar zane ne da rini ya ɓata, ja da shuɗi. Wai ke ce wannan, Yaya? Tafintansa ya ce ciwon daji ne, kuma iri biyu ne: wani yakan fito a waje inda ido ke gani, wani yakan yi ta ci daga ciki. Naki na ciki ne, ya daɗe tun kafin ki ga jini. Ko da a ce da wuri muka zo, a nan Garwa ba abin da likitan zai iya. Na tambaya ko hannun mutum na sa shi. Ya ce a'a.

Kin tafi kina zargin Dudu mai nono, wai ita ta zuba miki abu a fura bayan faɗanku a kasuwa. Kowa kin gaya wa. Matan unguwa suka daina sayen nononta, yara na jifanta, har ta koma ruga wajen Pitowa. Na bi ta can na gaya mata abin da likita ya ce. Malam ma ya faɗa a masallaci. Wasu sun yarda, wasu sun ce me Bature ya sani game da sammu?

Kogin Binuwai ya cika, jiragen ruwan kamfani sun fara zuwa. 'Yarki Ladi ta iya daka, tana wurina. Dudu ta dawo kasuwa, sai dai ba ta bi ta ƙofarmu. Ta ce in ina miki addu'a, in gaya miki ta yafe. Ga shi na gaya miki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kin huta.

Ƙanwarki,
Hajara