Gahawar Leonard a Ranar Gayya

Nok, 20 ga Maris, 1976

Zuwa ga yayata Caroline,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya maigida da yara, yaya zaman Sabon Tasha? Ina fata ƙafar nan ta daina damunki. Mu muna lafiya, sai godiya.

Kin tambayi labarin mijina Leonard. Ya dawo gida, domin Baturen jirgin ƙasan da yake yi wa aikin kicin a Kafanchan ya koma ƙasarsu. Mazan wasu da keke suke dawowa, ko rediyo. Nawa ya dawo da butar ƙarfe, da buhun ƙwayar gahawa, da baki cike da hikima. Kullum da safe sai ya soya ƙwayar a kaskona, ya daka a turmina, har miyata ta ɗauki warin abin. Wai kada a bar ruwan ya tafasa sosai, wai a jira garin ya kwanta kafin a zuba, wai haka rayuwa take, mai gaggawa shi ke shan diddiga. Yana faɗa yana lumshe ido kamar fasto ranar Ista. Ni kuwa ina kallon tafin hannunsa, tun da ya dawo bai taɓa garma ba.

Damuwata ɗaya ce. Irin cittar da Mama ta bar mini kafin ta rasu, bana zan shuka shi duka a gonar da surukina ya ba mu. In ya lalace ba ni da wani. Mun kira gayya watan gobe, ki sa mu a addu'a.

Ki gai da kowa. Ƙanwarki,
Emilia

Nok, 27 ga Afrilu, 1976

Yaya Caroline,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda muke, ina rubuto miki cikin takaici.

Kin san ka'idar gayya: abinci na mace, abin sha na maigida. Na tuƙa tuwon acca. Leonard ya ce in bar masa sauran, na ɗauka ya yi magana da gwaggonsa Hellen ta kawo tulunan kunu. Maza suka fito da sassafe, suka yi aiki kamar ba gobe, muna binsu muna binne iri. Da rana ta take suka zauna a inuwar ɗorawa, sai ga mijina da faranti da 'yan ƙananan kofuna, baƙar gahawa ko sukari babu. Kafin ya miƙa sai da ya yi musu wa'azi, wai kunu yana kawo kasala, wannan kuwa yana buɗe tunani. Tsoho Kambai ya kurɓa, ya tofar, ya tambayi Leonard ko an ce masa masu ciwon shawara ya gayyato.

Ba wanda ya yi faɗa. Kowa ya saɓa garmarsa ya kama hanya, ko tuwon ba su jira ba. Matan da suka sassaro ganyen rufe gona suka bi mazansu. Kin san citta, in ba a lulluɓe ta da ganye ba rana ce ke dafa ta a cikin ƙasa. Ni kaɗai na yi ta jidar ganye har bayana ya ƙage. Shi kuwa ya ce in yi haƙuri, fushin mutane zai kwanta kamar garin gahawa. Na dube shi, Yaya, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ki gai da yara. Taki,
Emilia

Nok, 9 ga Yuni, 1976

Yayata Caroline,

Ina gaishe ki da gida duka, na gode da sabulun da kika aiko. Jikina da sauƙi.

Ruwa ya yi jinkiri. 'Yan kunyoyin da na samu na rufe a bakin gona su kaɗai suka tsira, sauran irin Mama ya bushe. Na tona na gani da idona, na zauna a wurin na yi kuka. Surukina ya karɓe gonar ya ba Kumai, ƙanin Leonard, domin ya ce ba mai sake amsa gayyar ɗansa a garin nan, kuma bai yi ƙarya ba. Leonard ya ce an sauke masa nauyi, wai mai hikima ba ya jayayya a kan ƙasa.

Ban tsane shi ba. Raini ne ya shiga, kuma ban san addu'ar da ke fitar da shi ba.

Kumai ya bar ni na ciro tsiron da ƙasar jikinsa, kwando ɗaya ne kacal. Gobe zan kai shi garin Gidan Waya wurin yayanmu Eli, in dasa a bayan gidansa, in zauna in kula da shi. Ki riƙa rubuto mini can. Ban gaya wa Leonard ranar dawowata ba, shi ma bai tambaya ba, domin lokacin da nake masa sallama ruwansa yana kan wuta.

Allah ya kiyaye ku. Ƙanwarki,
Emilia